Ɗaya Na Karatu, Ɗaya Na Riƙe da Sifana: Bitar Littafin John Muir

Kwafin da ke hannuna tsohon hannu ne. Da lanƙwasasshiyar waya aka ɗinke shi, yadda in ka buɗe shi a ƙasa zai kwanta lamo ba tare da ka danne shi da dutse ba. Kafin ya iso gare ni wani ya riga ya bar shatin babban yatsansa na baƙin mai a shafukan gyaran bawul. Yanzu shatin ya zama iri uku: nasa, da nawa, da wani ƙarami da ya fi yawa a gefen takarda, inda mai karatu ke riƙewa kada iska ta juya masa shafi. Wannan na ɗana ne. Sunan littafin How to Keep Your Volkswagen Alive, wato yadda za ka raya motarka Volkswagen, kuma tun daga bangonsa marubucin, John Muir, ya shaida cewa don wanda bai san komai ba a kanikanci ya rubuta shi. A 1969 ya fito. Da shi ni da yaron muka tayar da wata motar rairayi da ta yi shekara da shekaru a yashe a bayan garejin wani bakanike.

Sai na ɗan yi bayanin motar, domin da yawa ba su taɓa ganin irinta ba sai a fim. Amurkawa na ce mata dune buggy. 'Yar ƙarama ce, ba ƙofa ba rufi, tayoyin baya manya, inji a fili kowa na kallonsa. Asalinta Kalifoniya. Wani maƙerin jiragen ruwa, Bruce Meyers, wanda ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi karatun zane, ya ga yadda ake fama da manyan motoci masu nauyi a tuddan rairayin bakin teku, ya kuma ga Volkswagen Bitil ɗin da aka sauke wa bodi tana wucewa a kan yashin nan kamar ba ta taka shi ba. A 1964, a Newport Beach, ya zuba bodin faiba, irin abin da yake yin jirgin ruwa da shi, ya raɗa wa motar suna Meyers Manx, sunan wata irin kyanwa mai guntun bindi. Bayan guda goma sha biyun farko sai ya koma ɗora bodin a kan shimfiɗar ƙarfen Bitil da aka rage wa tsawo da inci 14 da kwata, wajen santimita 36. A 1967 shi da abokinsa Ted Mangels suka keta yankin Baja na ƙasar Meziko, tsakanin La Paz da Tijuana, cikin awa 34 da minti 45, suka shafe tarihin da masu babur suka kafa a wannan hanya. Kamfaninsa ya ƙera kimanin 6,000 kafin ya rufe a 1971. Masu kwaikwayo kuwa sun yi ninkin ba ninkin haka, kotu kuma ba ta tsare masa haƙƙinsa ba. Ya rasu a 2021 yana da shekara 94.

Tamu ɗaya ce daga cikin na kwaikwayon, wani Bature ma'aikacin kamfanin gine-gine ya bar ta da zai koma ƙasarsu. Amma ko ta asali ko ta kwaikwayo, in ka ɗaga bodin nan mai sheƙi, Bitil ce a ƙasa. Bitil kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Legas, a lokacin ita ce motar malaman makaranta da matsakaitan ma'aikatan gwamnati, Yarabawa suka sa mata suna Ijapa, wato kunkuru. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe wata fara, kuma har gobe in na ji ƙarar injinta sai in tuna dawowarsa daga aiki. Abin da ya sa ta dace da yashi abu biyu ne. Injin yana bayan tayoyin baya, don haka nauyi na kan ƙafafun da ke tura motar. Sannan ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, ba ruwan da zai tafasa ko ya tsiyaye a tsakiyar daji. Noti huɗu ne kacal ke riƙe da injin a jikin giya. Mutum biyu da jak ɗaya sun isa su sauke shi a tsakar gida.

John Muir ɗin nan injiniya ne, an haife shi a 1918, ya yi aiki da kamfanin Lockheed mai ƙera jiragen sama. Yana da girmansa ya ajiye aikin, ya koma garin Taos a jihar New Mexico ya zama bakaniken Volkswagen. Da kansa ya buga littafin, wani matashin mai zane, Peter Aschwanden, ya yi masa hotuna da alƙalami. Muir ya rasu a 1977, amma Tosh Gregg da wasu sun ci gaba da sabunta littafin har aka kai bugu na 19 a 2001, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Ban yi mamakin yawan ba. Mutum ne da ya san lissafin inji tun daga tushe, sannan ya kwanta a ƙarƙashin mota ya sha ƙura a ido, ya ji irin tambayoyin da mai mota ke jin kunyar yi.

Dubi yadda ya raba babukansa. Littafin kamfani yakan bi sassan mota: babin kafireto, babin wuta, babin giya. Wannan tsari na wanda ya riga ya san inda ciwon yake ne. Muir ya bi abin da mai motar ke gani da ji. Akwai babi don lokacin da inji ya ƙi tashi, akwai na lokacin da jar fitila ta kama, akwai na koriyar fitila, akwai na motar da ta ƙi tsayawa in an taka birki, da na wadda ke karkarwa, da na wadda ke gurnani. Kamar marar lafiya ne ya je wurin likita ya ce cikina ke murɗa, ba a tsare shi da sai ya faɗi sunan cutar ba. Yakan kuma gaya maka dalili. Jar fitila ba ta caji kaɗai ba ce: fanbel ɗin da ke juya dinamo shi ke juya fankar da ke hura wa inji iska, don haka in ya tsinke ka ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintoci ka dafa injinka. Da zarar yaro ya ji wannan sau ɗaya ba zai sake manta amfanin fitilar ba. Ko kayan aiki bai ce ka kwaso su a rana ɗaya ba, ya kasa su kashi-kashi, daga na gyaran yau da kullum zuwa na mai shirin farke inji.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar shawara ce da ya bayar a farkon littafin, wadda mai gaggawa zai iya tsallakewa. Ya ce ka karanta aikin tun daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa sifana, kuma ka sami wani ya zauna kusa da kai yana karanta maka matakan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kai kana yi. Dalilinsa a fili yake: mai hannu dumu-dumu da giris, kwance a ƙasa, ba ya iya bin layi. Amma wannan shawarar ta mai da littafin na mutum biyu. Kowane mataki gajere ne, daidai abin da baki zai faɗa kunne ya riƙe. A nan ne littafin ya shigo cikin gidana ta ƙofar da ban zata ba.

Yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunansa. Ba na yabonsa a gaban mutane. In ya shigo gaisuwa ya durƙusa, in amsa, in tambayi makaranta, ya ce lafiya, ya tashi. Ƙannensa na hawa jikina suna ja mini gemu, shi yana daga nesa. Ban ɗauki alkunya a matsayin aibi ba, da ita aka rene ni kuma na ga amfaninta. Amma sai na wayi gari yana da shekara goma sha uku, ni kuwa ban san irin abin da ke ba shi dariya ba. Ba kuma zan iya zaunar da shi in ce zo mu yi hira ba, da ni da shi duk sai nauyi ya kama mu.

Da aka jawo motar gida na miƙa masa littafin na ce, “Kai ne mai karatu.” Turancinsa ya fi nawa sauri, idonsa ya fi nawa kaifi. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ni na shimfiɗa kwali na kwanta. Daga ranar muka sami abin da za mu kalla tare maimakon mu kalli juna. Shi ke ba da umarni, amma ba nasa ba ne, na littafi ne, don haka ba rashin ladabi a ciki. Ni ke bi, amma ba shi nake bi ba, don haka girmana bai zube ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya san yadda ake koyar da yaro a can: miƙo wannan, riƙe wancan, kauce, sai ya shekara yana wanke noti a kananzir kafin a gaya masa dalilin komai. Hanya ce da ta fitar da gwanaye, ban raina ta ba. Amma ni ba oga ba ne, ban fi yaron sani ba, kuma littafin ya ba ni damar in zama ɗalibi a gabansa ba tare da na ji kunya ba, tunda shi kansa marubucin bai ɗauki rashin sani abin kunya ba.

Injinmu 1500 ne, kuma ya ƙi juyawa ko da an sa masa dogon ƙarfe. Da muka cire rufin kwanon da ke lulluɓe da shi sai muka tarar zanzaro ya yi gini a tsakanin haƙarƙarin silinda, laka ta toshe hanyar iska ƙam, ga kuma sheƙar ɓera a cikin gidan fanka. Yaron ya yi kwana biyu yana sakace lakar da guntuwar waya. Tun kafin mu kwance kan silinda ya karanto mini cewa mu sa ido a kan ta uku. Muir ya yi bayanin cewa a irin wannan tsohon inji, abin sanyaya baƙin mai yana tsaye ne a cikin gidan fanka, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa ɓangaren hagu, saboda haka silinda ta uku iska mai ɗumi take samu, ita ce ke fara ƙona bawul. Sai a 1971 kamfanin ya fitar da abin sanyayar zuwa wani ɗan ɗaki nasa na daban. Da muka ɗaga kan, ga bawul ɗin fitar hayaƙi na ta uku, bakinsa ya cinye kamar an gatsa. Yaron ya ɗago ya dube ni, ya sake duban littafin. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a fuskarsa ba. A ranar ya yarda cewa rubutu na iya sanin abin da ke cikin ƙarfen da ba a buɗe ba.

Gyaran bawul shi ne zuciyar littafin, kuma a nan gwanintar Muir ta fi fitowa. Sai inji ya kwana ya huce sarai, don haka bayan sallar asuba muke yi. Ya kafa doka ɗaya da ya yi ta nanatawa: in ya ce gaba, gaban mota yake nufi, ko da kai kana tsaye a bayanta kana fuskantar inji. Ƙaramar magana ce, amma ita ke raba mutum da kwance abin da bai kamata ba. Ka cire murfin abin raba wuta, ka juya inji da hannu har tsagar da ke jikin fulin ta zo daidai da layin da ya raba gidan inji biyu. Ka zura sukundireba ka ɓalle wayar da ke danne murfin bawul. Sai ka ɗauko fallen ƙarfen awo mai kaurin milimita 0.15 ka zura a tsakani. Yaron na karantawa, ni ina sassauta noti, ina murɗa sukurun, ina ja da fallen. Littafin ya ce ya shige da ɗan ja kaɗan, kada ya yi sako-sako, kada kuma ya cije. Na yi ta farko da ta biyu. A ta uku na ce masa ya zo ya taɓa. Ya kwanta a kwalin, ya ja fallen ƙarfen, ya yi shiru, ya sake ja. Ya ce, “Baba, wannan ya ɗan matse.” Na karɓa na gwada. Gaskiyarsa. Daga nan muka yi musaya, ni na koma kan taya da littafi. Duk mil 3,000, wajen kilomita 5,000, ake maimaita wannan aiki tare da juye baƙin mai, domin injin ba shi da matatar mai ta kirki sai 'yar rariya a ƙasa.

Akwai ranar da na karya dokar littafin. Mun kai ga haɗa inji, fistin da zobba sababbi da muka samo da ƙyar a kasuwar Ƙofar Ruwa sun shiga, yaron ya tafi Islamiyya, ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni. Na ce ai na gane, na ɗora kawunan silinda ni kaɗai, na ɗaure notocin bi da bi yadda aka tsara. Da ya dawo ya tsuguna yana duba gwangwanayen madarar da muke zuba ƙananan kaya a ciki, kowanne da rubutunsa. Sai ya ɗago wasu 'yan falle-fallen kwano guda biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ya ce, “Baba, waɗannan fa?” Su ne masu karkatar da iska a ƙarƙashin silinda, kuma dole su shiga kafin a sa bututan sandunan bawul da kawunan. In babu su inji zai tashi lafiya lau, ya yi ta zafi a ɓoye har ya ci kansa. Matakin na nan a littafi ƙarara, ni na tsallake shi. Na daɗe ina kallon kwanukan nan. Sannan na ce, “Babana, na yi kuskure. Sai mun kwance.” Bai ce komai ba, ya ɗauko littafin ya nemo shafin. Ban taɓa faɗa masa irin wannan magana ba kafin ranar, ban kuma sake taɓa injin ba sai yana nan.

Zanen Aschwanden ya cancanci a tsaya a kansa. Hoton kyamara na nuna komai lokaci ɗaya, da datti da inuwa, har ka rasa abin da ake so ka gani. Shi kuwa da alƙalami yakan kawar da abin da ba ruwanka da shi, ya fito da notin da ake magana a kai, sau da yawa har da hannun mutum riƙe da sifana ta fuskar da ya kamata ka riƙe. Akwai zanen da ya warware motar gaba ɗaya, kowane ƙarfe na shawagi kusa da mazauninsa. Akwai kuma na wani mutum kwance a gado ido buɗe, kayan inji na yawo a kansa, wanda duk wanda ya taɓa farke inji zai ga kansa a ciki. Yaron ya kwafi da yawa daga cikinsu a bayan littafin lissafinsa. Inda Turancin ya gagare mu, zanen ne ya fisshe mu.

Turancin kuwa yakan gagara. Muir ya yi rubutu da bakin samarin Amurka na shekarun 1960, da salon maganarsu da barkwancinsu. Yakan ɗauki mota kamar mai rai, har ya shawarci mai saye ya zauna a cikinta shiru ya ji ko jininsu ya haɗu. Wani wurin sai yaron ya tsaya ya ce bai gane ba, ni ma ban gane ba, mu wuce zuwa mataki na gaba. Inda ya ce ka naɗa taba ka kunna kafin inji ya ɗumama, na ce wa mai karatuna ya tsallake. Duk da haka ba zan so a tace littafin a fitar da muryar mutumin ba. Ita ce ke sa ka ji kamar wani dattijo mai haƙuri na tsugune kusa da kai, yana gaya maka ka je ka sha ruwa ka huta in noti ya ƙi kwantuwa, kada ka huce haushi a kansa.

Akwai wuraren da ban bi shi ba, kuma ina ganin bai kamata a bi shi ba. Ya tsani cok mai aiki da kansa har ya koyar da yadda za a kashe shi, alhali in an daidaita shi ba ya da laifi. Ya dage a kan a bar inji ya yi ta ɗumi a tsaye, kamfanin da ya ƙera motar kuwa cewa ya yi a tashi a tafi a hankali. Wanda ya fi damuna shi ne babban notin tayar baya, mai milimita 36. Don ya sauƙaƙa wa marar kayan aiki, ya nuna yadda za a buge shi da guduma da kurfi. Wannan noti shi ke riƙe da taya da gangar birki, kuma ƙa'idar ɗaurinsa daidai take da nauyin kilo 30 a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya. Ba abin da za a bar wa kintace ba ne, balle a motar da ɗanka zai shiga. Mu sai muka sayi soket ɗin, muka zura masa bututu. Yaron ya hau sikeli, kilo 40. Ya yi lissafi a ƙasa da tsinke, ya ce santimita 75. Muka auna, muka yi alama da alli, muka sa wa taya waigi, bututun na kwance daidai, ya dafa kafaɗata ya taka alamar da ƙafa biyu har ƙarfen ya daina sauka. Sannan muka ƙara kaɗan don ramin fil ya fito.

Babban giɓin littafin ga mai irin aikinmu shi ne ba don motar rairayi aka rubuta shi ba. Inji, giya, kuloci, birki, ƙafar gaba, duk ya gama da su. Amma ba zai gaya maka yadda za ka duba ɗinkin waldar da aka yi a inda aka rage tsawon shimfiɗar ba, ko yadda wayar kuloci da ta totur da sandar giya duk aka gajarta su, ta yadda sabuwar da ka sayo ta Bitil ba za ta zauna ba sai an rage ta. Ba zai yi maka maganar ƙarfen kariya da ake gicciyawa a saman kujeru ba, wanda shi ne tsakanin kan mutum da ƙasa in mota ta kife a kan tudu. Namu tsatsa ta cinye gindinsa, sai da muka kai wa mai walda ya yi sabo da bututu mai kauri, ya kafa shi a jikin ƙarfen motar maimakon jikin faiba, muka kuma sa bel a kujeru biyun. Haka nan ƙura. Injin da ke fili a bayan tayoyi masu watsa yashi yana bukatar matatar iska da ake dubawa duk fita, ga shi tiyon fetur na bi ta kusa da wuta, wanda shi ne sanadin gobarar Bitil da yawa. Mun canja tiyon duka, mun ɗaure bakinsa, mun ajiye abin kashe gobara a ƙarƙashin kujera. Wanda zai yi wannan aiki da ɗansa ya nemi ƙwararren mai walda da tsohon bakaniken Bitil su duba masa waɗannan, kada ya dogara da littafi kaɗai.

Aiki na ƙarshe kafin fita shi ne fitar da iska daga birki, kuma shi ko Muir bai ce ba, mutum ɗaya ba ya yinsa. Yaron na kan kujera, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa, ni ina ƙasa da ƙaramar sifana da kwalba. “Taka.” “Na taka.” “Riƙe.” “Na riƙe, Baba.” In buɗe, kumfa ta fito, in rufe. “Saki.” Taya huɗu, muna ta wannan amsa-amo har magariba ta kawo jiki. Mahaifiyarsa ta ce daga ɗaki tana jinmu, kuma tun da aka haife shi ba ta taɓa jin mun yi magana mai tsawon haka ba.

Wata bakwai aikin ya ci, Asabar da Lahadi. Ranar tayarwa muka cire fulogi muka juya inji har koriyar fitila ta mutu, alamar mai ya zaga, sannan muka mayar. Ya yi tari sau biyu, a na uku ya kama, da wannan ƙarar tasa mai kama da keken ɗinki da na sani tun ina yaro. Da rani muka kai ta wani busasshen rafi a bayan gari, muka rage iskar tayoyi don su baje a kan yashi. Inda na san ƙafar mutum ma nutsewa take, motar nan ta bi ta wuce. A wani shimfiɗaɗɗen wuri da ba kowa na tsaya, na ɗaura masa bel, na bar shi ya ja ta a giya ta ɗaya. Titi kuwa sai ya cika shekara 18 ya yi lasin.

Hukuncina a kan littafin shi ne: a cikin littattafan koyar da aikin hannu da na taɓa riƙewa, ban ga wanda ya kai shi girmama marar sani ba, kuma kurakuransa 'yan kaɗan ne da mai hankali zai iya kewayewa. An daina ƙera tsohuwar Bitil tun 30 ga Yuli 2003, da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko bayan an yi fiye da miliyan 21, kuma kayanta na ƙara wuya a kasuwanninmu. Ba kowa zai sami irin motarmu ba. Amma kusan kowane gida akwai babur, ko janareta, ko injin ban ruwa, ko keken ɗinki da ya tsaya. Ina roƙon malamanmu na makarantun koyon sana'a da manyan kanikawanmu da masu zane, su haɗu su rubuta mana irin wannan littafi da Hausa a kan injinan da ke hannunmu, mataki-mataki, da gajerun jimloli da yaro zai iya karanta wa mahaifinsa da ƙarfi.